Armaya'u Ya Tafi Ɗebo Ruwan Mai-Tsawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen tsire a Tudun Maude, can gefen Ruma, ya san Armaya'u ko da bai so ba. Naman babu laifi, yajin ma da daɗi, amma ba ka isa ka karɓi tsinke ɗaya ba sai an haɗa maka da labari. In ka ce daga Batsari kake, shi ya nuna wa magina inda za su sa ƙofar kasuwa. In ka ce ka taɓa ganin kura, shi ya kwana da ita rami ɗaya har ta yi matashi da cinyarsa. Mutumin da in akuya ta yi atishawa a bayan gida sai ya leƙa ta ƙasan ƙofa kafin ya fita!

Labarin da ya fi ƙauna shi ne na Mai-Tsawa, wata ƙorama da ke faɗowa daga kan dutse can cikin daji, wadda tsofaffi ke cewa in damina ta yi nisa tun daga nesa ake jin ruguginta. Tun da daji ya lalace da ɓarayi aka daina zuwa, yaran yanzu a baki kawai suka san ta. Wannan kuwa ya yi wa Armaya'u daidai, don babu mai ƙaryata shi. A bakinsa Mai-Tsawa ta fi ƙarfen sabis ɗin waya tsawo, kuma wankan da ya yi a ƙarƙashinta ya wuce lissafi.

Matarsa Hansai ba ta damu da Mai-Tsawa ba, don tana da tata a ɗaki. Kwanon rufinsu ya huje daidai saman gado tun daminar bara. Kullum ta yi magana sai ya ce, “Gobe in Allah ya kai mu. Ai aikin da zan gama kafin shayi ya huce.” Shayi ya huce, damina ta wuce, wata ta dawo, Hansai na ta tara kwanoni a kan katifa. Ranar da abin ya ishe ta, ta wuce ta bakin tukubarsa da jiƙaƙƙen bargo a kai za ta shanya, sai ta ji shi yana gaya wa masu saye yadda ya rufe wani masallaci a Wagini shi kaɗai, ba tsani. Ta koma ta ɗaure kayanta, ta yi yaji gidan uwarta Inno a ɗaya gefen garin.

A bakin tukuba Armaya'u ya ce hutu ya ba ta. A gida kuwa ya zama abin tausayi, don maganar gaskiya yana son Hansai kamar ransa. Abin da ya ƙara tsinka masa zuciya shi ne saƙon da Inno ta aiko: in bai zo an yi magana ba, ran kasuwa za ta sa Hansai a mota zuwa Safana wajen kawunta, daga nan kuma sai gaban alƙali. Ya wanke rigarsa ya tafi biko. Ya so ya sa hular da Hansai ta ɗinka masa da hannunta don ya sanyaya mata zuciya, sai ya tuna ta faɗa magudanar kwata tun makon jiya yana wankin tumbi, ruwa ya tafi da ita. Mutanen gari dai ya gaya musu wani babban mutum ne ya gani ya yaba, shi kuma ya ba shi kyauta.

Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Inno, kai a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi kasuwa, aka tambayi gajiya. Sannan tsohuwa ta gyara zama.

“Armaya'u, ni ban ce ka kawo zane ba, ban ce ka kawo turare ba. Abu guda nike so. Sau ɗaya a rayuwarka ka faɗi abu da bakinka, ka aikata shi. Ka ce za ka liƙe rufi. Je ka liƙe, ka zo ka ɗauki matarka.”

Wallahi da ya ce to, da an gama. Har ya buɗe baki zai ce to ɗin, sai idonsa ya faɗa kan katanga, ya ga kawunan matan maƙwabta a jere suna leƙe. Armaya'u kuwa in ya ga 'yan kallo, bakinsa ba ya shawara da shi.

“Rufi, Inna? Haba, Inna! Ai wannan aikin yara ne. In gwada ni za a yi, a gwada ni da abin da maza ke yi. Ki ce in ɗebo miki ruwan Mai-Tsawa, gobe kafin la'asar ki yi alwala da shi.”

Inno ta ɗaga kai ta dube shi. “Mai-Tsawa ka ce? Ka san can aka yanke mani cibi? Ruwan nan ko a mafarki na kurɓa sai na gane shi.”

Daga bayan labule Hansai ta ɗaga murya, “Inno, ki ce ya liƙe rufin kawai!”

“A'a, ɗiyata, shi ya zaɓa. In ya kawo, ki bi shi. In ya kawo mani ƙarya, ran kasuwa sai Safana. Kuma da shaida za ya tafi, kar ya tsaya rijiyar bayan gari ya cika mani jarka. Jinjiri! Fito ka raka mijin yayarka.”

Jinjiri ya fito, ƙofar ɗaki ta yi masa kaɗan. Ƙanen Hansai ne, tun yana goye aka sa masa sunan, ga shi yanzu kamar rumbu amma sunan bai sake shi ba. A Safana aka riƙe shi, can yake sayar da takalma, bai san lungunan Tudun Maude ba balle dajinta. Ya dubi Armaya'u ya washe baki. “Yaya, da guzuri dai ko? Ni ba na shaida da yunwa.”

Kafin gari ya waye aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da rana ta fito, Armaya'u ya fito shi ma, garin ya taru yana kallo. Ya ari rigar farauta mai layu, ya ari takalmin roba mai kaiwa gwiwa wanda ya fi ƙafarsa girma, ga adda a kugu, ga jarka a baya, ga wata 'yar gora da shi kansa bai san amfaninta ba. Yusha'u, shugaban 'yan sintirin garin, ya tare shi a bakin hanya.

“Armaya'u, abin ya ɗan lafa kwanan nan, amma daji daji ne. In dole sai ka je, ka bi burtali har gindin babbar kuka, sannan ka yi yamma. Ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka juyo.”

“Burtali na shanu ne, Yusha'u. Mu muna da hanyarmu ta yanke, wadda ko tsuntsu bai sani ba.”

“To Allah ya kiyaye. Mu dai kunnenmu na buɗe.”

Da ya ce kunnensu na buɗe, kowa a wurin ya san abin da yake nufi ban da Jinjiri. Tun da fitina ta fara, mutanen Tudun Maude suka yi yarjejeniya: duk wanda ya hango ɓarayin daji, ya ƙwala kiran salla ko wane lokaci ne. In aka ji kira ba a kan lokaci ba, mata da yara su nemi maɓoya, maza su fito da abin da ke hannunsu.

Hanyar yanken Armaya'u ta cikin gonakin dawa ta bi, dawar kuwa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai kara da ɗan sararin sama. Yana gaba yana sara da adda, yana bayani. Ya nuna wani sawu a taɓo ya ce ɓauna ce, ba ta daɗe da wucewa ba. Jinjiri ya ce ɓaunar nan kashinta kamar na saniya. Armaya'u ya ce ai dangi ne. Taɓo ya riƙe masa takalmi ɗaya, ya zare ƙafa ya bar shi, ya koma ya ciro, ya juya, daga nan gabas da yamma suka zama masa abu guda. Bai faɗa ba. Ya dai ƙara sauri, yana karkata hagu duk inda kara ya yi masa yawa.

“Yaya, wannan tururuwar da muka tsallake, kamar ɗazu ma mun gaisa da ita.”

“'Yar'uwarta ce.”

“Anya ba makuwa ka yi ba? In makuwa ce ka juya rigarka bai-bai, an ce ido na buɗewa.”

“Ni? Makuwa? Jinjiri, dajin nan in an rufe mini ido da ƙyalle, da ƙamshi kawai zan kai ka.”

Suka fita daga dawa suka faɗa cikin sabara da geza, ciyawa har ƙirji. Jinjiri ya ce cikinsa ya fara kiran sunansa. Armaya'u ya ce to bari ya koya masa zaman mafarauta, yadda ake zama a kan tudu don a ga abin da ke tafe. Ya zaɓi wani ɗan tudu mai laushi ya zauna ya harɗe ƙafa. Gidan cinnaka ne. Bai kai ga ƙarshen bayaninsa ba ya miƙe kamar an harba shi, yana tsalle yana dukan wando, layu na kaɗawa, takalmin aro na ƙwal-ƙwal.

“Wannan kuma rawar mafarauta ce?” in ji Jinjiri, bakinsa cike da kilishi.

“Motsa jini ne! Kai, miƙo mini kilishin nan.”

“Wane? Ai na ɗauka na shaida ne.”

Suna cikin haka ciyawa ta motsa a gabansu, wani abu mai nauyi na tahowa yana karya itace. Kai, jama'a! Armaya'u sarkin daji ya yar da adda, ya yi rub da ciki cikin taɓo, ya ɗaga hannu sama.

“Don Allah ku yi rai! Ni talaka ne, tsire nake sayarwa, shi ma bashi ake ci! Ga mai ƙiba nan, ɗan kasuwa ne daga Safana, shago gare shi!”

Ciyawa ta buɗe, jaki ya leƙo, ya dube su, ya ci gaba da kiwonsa. Jinjiri ya tsaya riƙe da ƙugu.

“Yaya, sayar da ni ka yi? Har da adireshin shago?”

Armaya'u ya tashi yana sharce taɓo daga gemu. “Dabara ce. In hankalinsu ya koma kanka sai in zagayo ta baya. Kuma ka yi hattara, jakin daji ne, ya fi zaki mugunta.”

“Jakin daji da igiya a wuya?”

“Wani ya taɓa gwada kama shi. Ka ga mutumin a nan?”

Daga nan ƙasa ta fara gangarawa, itatuwa suka yi duhu, ƙaya ta sarƙe ko'ina. Sai ga wani rugugi daga sama, tuf-tuf-tuf-tuf. Armaya'u ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa. Shi kansa mamaki ya kama shi, don bai taɓa zaton ƙaryarsa za ta kai shi ga gaskiya ba.

“Ka ji ta? Tsawar ke nan!”

Jinjiri ya kasa kunne. “Tsawar nan tana tsayawa tana tashi kamar mai jiran a zuba mata hatsi.”

“Numfashi take yi.”

Suka gangara wani kwazazzabo suna zamewa da gindi, suka kewaya wani ƙaton dutse, sai ga ta. Ruwa ne ke faɗowa daga saman dutse, yana dukan ƙasa yana kumfa, ga sanyi, ga inuwa. Tsawonsa bai fi mutum biyu a kan juna ba, launinsa kuma kamar kunun kanwa, amma ruwa ne, kuma daga sama yake zubowa. Armaya'u ya ji ƙwalla ta taho masa. Hansai ta dawo ke nan! Ya juya ya dubi Jinjiri kamar shi ya haƙa dutsen.

“Ina ƙarfen sabis ɗin?” in ji Jinjiri.

“Sunkuyawa take yi in ta ga baƙo.”

Ya tuɓe takalmi ya shiga ƙarƙashin ruwan da rigarsa, yana ihu yana kirari. Ya tara hannu ya sha, ya kuma sha, ya ce wannan ruwan in tsoho ya sha sai ya nemi ƙwallo. Ya cika jarka fal ya toshe. Jinjiri ya matso, ya shaƙi iska, ya ja da baya.

“Yaya, ruwan nan ƙarni yake yi. Kamar inda aka wanke tumbi.”

“Ƙamshin dutse ne, ba ka saba ba.”

“Ga leda can tana yawo.”

“Iska ta kawo.”

“Ga ƙahon rago.”

“Na gada ne! Kai wai shaida aka aiko ka ko gardama?”

Ya sunkuya zai wanke fuska, sai ya ga wani abu maƙale a saiwar itace, ruwa na kaɗa shi. Ya ciro ya girgiza. Hula ce. Ya juya ta, ya ga ɗinkin, ya ga inda Hansai ta yi kuskuren zare ta mayar da shi fure. Hularsa ce, wadda ta ɓace masa a tsakiyar gari, ga ta tana jiran sa a tsakiyar daji.

“Jinjiri,” ya ce da wata 'yar murya, “mutanen ɓoye ne. Su suka ɗauki hulata suka kawo nan. Kira na suka yi. Tun ɗazu su ke juya mana hanya.”

Jinjiri, duk da girmansa, in aka ambaci aljanu ba ya wasa. “To mu koma mana!”

“Ta ina?”

“Kai da ka ce da ƙamshi za ka kai ni?”

“Sun toshe mini hanci!”

Nan take Armaya'u ya tuɓe rigar layu ya juya ta bai-bai ya mayar, ya kifa jiƙaƙƙiyar hular a kai ita ma bai-bai, ya sauya wa takalman ƙafa. Ido bai buɗe ba. Jinjiri ma ya juya tasa, ta maƙale masa a ciki. Tsawar da ke sama ta tsaya cak, wurin ya yi tsit, abin ya ƙara muni.

“Malaminmu ya ce in suka matsa wa mutum a daji, ya yi kiran salla, gudu suke yi,” in ji Jinjiri.

Armaya'u ya san yarjejeniyar garinsu sarai. Amma a lissafinsa yana can ƙuryar daji inda ko harbin bindiga ba zai kai gida ba. Ya hau kan wani dutse, ya sa yatsu a kunne, ya tara duk muryar da ya saba tallar tsire da ita, ya ƙwala kira. Ga rana ko tsaka ba ta kai ba.

To, abin da bawan Allahn nan bai sani ba, karkata hagun da ya yi ta yi cikin dawa ta zagayo da shi ne ta bayan gari. Kwazazzabon da yake tsaye a ciki yana bayan kwata, inda duk ruwan saman Tudun Maude ke taruwa ya bi magudanar mahauta ya faɗa ƙasa. Shekara da shekaru yana tsugunne a saman dutsen nan yana wankin tumbi, bai taɓa ganin wurin daga ƙasa ba. Tsawar kuma injin niƙa ne.

Kiran ya faɗa cikin gari kamar an jefa dutse cikin kaji. Mai injin niƙa ya bar niƙan mutane ya haura katanga. Mai shayi ya ruga da buta a hannu, bai san yana riƙe da ita ba sai da ta ƙona shi. Wani magidanci ya faɗa rumbu ya ja murfi, matarsa na waje tana buga masa. 'Yan Islamiyya suka watse ta taga, ladan ya fito daga wanka da kumfa a kunne yana tambayar wa ya ci masa aiki. Yusha'u da mutanensa suka ɗauko bindigogin toka da gariyo, suna neman ta inda muryar ke fitowa.

Armaya'u yana tsakiyar maimaita kira ya ɗaga kai, sai ya katse kiran. A saman dutse, daidai inda ruwan ke faɗowa, ga mace tsaye, ba mayafi, ɗankwali a karkace, ta ɗaga taɓarya sama tana haki.

“Jinjiri, kar ka duba! Ta ɗauki siffar yayarka!”

“Siffar wa?” in ji matar daga sama. “Malam, me kake yi a cikin makwararar kwata?”

Kafin ya haɗa amsa, kawuna suka fara fitowa a bakin dutsen, ɗaya bayan ɗaya: Yusha'u da bakin bindiga, ladan da kumfarsa, mai unguwa, mahauta abokan sana'arsa, mata, yara, har mai rumbu da ƙaiƙayi a gashi. Duk suka leƙo ƙasa suna kallon mutum biyu da riguna bai-bai, ɗaya a jiƙe sharkaf rungume da jarka.

“Ina ɓarayin?” in ji Yusha'u.

Armaya'u ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa. “Sun... sun gudu da suka ji muryata.”

“Ƙarya yake yi!” in ji Jinjiri. “Jaki muka gani, shi ma sai da ya sayar masa da ni!”

Wani mahauci ya leƙo sosai. “Armaya'u, ba dai sha ka yi ba? Yanzun nan na zubar da ruwan hanji!”

“Ya sha,” in ji Jinjiri. “Ya ce in tsoho ya sha sai ya nemi ƙwallo.”

Dariya ta fashe har wasu na zama a ƙasa. Amma Yusha'u bai yi dariya ba. Da aka jawo su sama da igiya, ya tsaya gaban Armaya'u idonsa jajir.

“Ka san akwai tsohuwar da ta gurɗe ƙafa? Ka san akwai yaran da har yanzu suna ƙarƙashin gado suna kuka? Kiran nan ba abin wasa ba ne a garin nan, kai ma ka san waɗanda muka binne.”

Dariyar ta mutu. Armaya'u ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa idonsa. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce tunda Allah ya hore masa murya, kuma ladan ya tsufa, daga gobe har a yi girbi shi zai riƙa kiran asuba, a kan lokaci. Mutanen da suka san Armaya'u da barcin safe suka ce wallahi hukunci ya yi.

Sai ga Inno ta iso tana dogara sanda. Ta miƙa hannu, ya ba ta jarkar. Ta buɗe, ta kai hanci, ta rufe.

“Wanga ruwa na san shi. Tumbin bijimi ne, na jiya. Hansai, je ki ɗaure kayanki.”

Armaya'u ya zube a gabanta. Ga 'yan kallo gari guda, irin taron da bakinsa ke so, amma yau bakin ya tsaya ya saurare shi.

“Inna, ban taɓa ganin Mai-Tsawa ba. Ko hanyarta ban sani ba. Masallacin Wagini ma ban taɓa hawa ba. Kar ki kai ta Safana. Zan liƙe rufin.”

“Yaushe?” in ji taron gaba ɗaya, kamar an haɗa baki.

“Yanzu.”

Haka aka rako shi gida, riga bai-bai, takalmi a karkace. Wani ya kawo tsani, wani guduma, wani guntun kwano da ƙusa. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas. Armaya'u ya dubi tsanin, ya dubi Hansai da ke gefe riƙe da taɓaryarta, ya yi bisimilla ya hau. Ya rarrafa ya gano hujin. Dukan farko ya samu babban yatsansa. Duka na biyu ya samu ƙusa, mutane suka yi kabbara. Jin kabbarar nan sai tsohon hali ya motsa, ya miƙe tsaye don ya yi wa jama'a bayanin yadda ake rufi, ya taka inda tsatsa ta cinye. Ƙafarsa ta burma har cinya. A daidai lokacin aka tsuge da ruwa, 'yan kallo suka watse.

Yana nan maƙale, ruwa na dukan sa, ya ji motsi a cikin ɗaki. Ya leƙa ta gefen cinyarsa, ya ga Hansai tana janye katifa.

“Hansai, kowa ya gudu neman maɓoya, ke me ya kai ki bakin kwata da taɓarya?”

“Muryarka na gane. Na ɗauka sun kama ka.” Ta ɗago ta harare shi, idonta ya yi ja. “Da na san aljanun tumbi ne, da ban bar dakana ba. Kuma babban mutumin da ka ba hulata, ashe a magudana yake zaune.”

“Na tuba. To... kin dawo ke nan?”

“Inno ta ce ka faɗa, ka hau, yau dai an gani. In na tafi wa zai ciro ka daga nan?”

Ruwa ya biyo ƙafarsa yana kwarara cikin ɗaki, ya ninka na da sau nawa, yana dukan ƙasa har da kumfa. Hansai ta ture ƙananan kwanonin gefe, ta jawo babban bahon wanki ta tara, ta tsaya tana kallo.

“Wannan dai ta fi ta ɗazu tsabta,” ta ce. “Riƙe ƙafar haka, kar ka motsa, bari in kira Jinjiri ya shaida.”